Wa A Ke Yi Wa Dariya A Labarin Jan Sarki?

A cikin shekarar 1907 wata jarida ta ƙasar Amurka mai fitowa mako mako, wadda a ke kira The Saturday Evening Post, ta buga wani gajeren labari na ban dariya da wani marubuci mai laƙabi O. Henry ya shirya. Sunan labarin da Turanci The Ransom of Red Chief, watau Fansar Jan Sarki. Tun daga wannan shekara har yau ba a daina karanta shi a makarantun Amurka ba, an juya shi cikin harsuna da dama, an kuma yi shi a majigi fiye da sau ɗaya, har da ƙasar Rasha a 1962. Yaron ƙasar Hausa mai koyon Turanci ba wuya ya yi kiciɓis da shi, ko a littafin karatu ko a intanet. To, abin da labarin ya ƙunsa satar yaro ce don neman kuɗin fansa, an kuwa tsara shi ne don mai karatu ya yi dariya har ya riƙe ciki. A nan ne gardama ta ke tasowa.

Akwai mutane masu hankali, iyaye da malamai, da ke cewa bai kamata a ɗora wa yara irin wannan labari ba, kuma hujjarsu ba ƙarama ba ce. Su kan ce, ƙasar da aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a 2014, da 110 daga Dapchi a 2018, da samari fiye da 300 daga Ƙanƙara a 2020, da 'yan mata 279 daga Jangebe a 2021, da wane baki za a yi dariyar satar yaro a cikinta? Mutumin da ya sayar da gonarsa da shanun huɗarsa ya kai wa 'yan bindiga kuɗin a dawa, ina za a dube shi a ce ga wata hikaya mai daɗi a kan abin da ya same shi? Akwai kuma wasu malaman da ba su ga laifin labarin ba, sai dai sun mai da shi wurin ƙidaya: su sa yaro ya jera dabarun marubucin a takarda, ga gatse guda kaza, ga kamantawa guda kaza, a ba shi maki a wuce. Dukkan ɓangarorin nan biyu sun yi kuskure, kuma tushen kuskuren nasu ɗaya ne, gama ba wanda ya tsaya ya tambaya wa a ke yi wa dariyar.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Wasu mazambata biyu, Sam da Bil, suna da dala 600, suna neman ƙarin dala 2,000 don su je jihar Ilinoi su yi damfarar sayar da filaye. Suka iso wani ɗan gari a jihar Alabama, suka zaɓi ɗan wani attajiri mai suna Ebeneza Doset, yaro ɗan kimanin shekara 10, mai jan gashi, shi kaɗai ubansa ya haifa. Suka ɗauke shi a keken doki suka kai shi wani kogo a kan dutse. Ashe yaron hatsabibi ne. Bai yi kuka ba, bai nemi gida ba, sai ya naɗa wa kansa sarautar Jan Sarki, ya mai da Bil fursunansa, ya yi ta gana masa azaba dare da rana. Da suka aika wa uban takardar neman fansa, sai ya amsa musu cewa su kawo yaron su haɗa masa da dala 250, shi kuwa ya yarda ya karɓe shi. Suka biya, suka ranta a na kare.

Kafin a shiga dabarun, akwai wani zato da ya kamata a kawar. Wasu na tsammanin an rubuta labarin ne a ƙasar da ba ta san zafin satar yara ba, shi ya sa mutanenta suka iya dariya. Wannan ba haka ba ne. A 1874, sa'ad da marubucin ya ke ɗan shekara 11, wasu mutum biyu a cikin keken doki suka yaudari wani yaro ɗan shekara 4 mai suna Charley Ross da alewa a birnin Filadalfiya, suka tafi da shi, suka nemi dala 20,000. Aka yi ta cigiya a duk faɗin ƙasar, ba a sake ganin yaron ba har abada. A ƙarshen 1900 kuma aka sace ɗan wani attajirin mahauta mai suna Cudahy a birnin Omaha, uban ya biya zinariya ta dala 25,000 aka sako masa ɗansa. Wanda ya shirya wannan sata, Pat Crowe, aka gurfanar da shi gaban shari'a a 1906 aka sallame shi, ya koma yana ba da tarihin kansa a littafi, mutane suna saye kamar na wani jarumi. Shekara guda bayan haka labarin Jan Sarki ya fito, kuma da mutum biyu da keken doki da tayin alewa ya fara. Saboda haka waɗanda suka fara karanta shi sun san abin da a ke tsoro, sun kuma ga yadda a ke ɗaukaka ɓarawon mutane. Bambancin kawai shi ne a cikin labarin, da aka yi wa yaro tayin alewa, da guntun tubali ya amsa, ya sami Bil a ido.

Shi kansa marubucin ba baƙo ba ne ga mutanen banza. Sunansa na yanka William Sydney Porter, an haife shi a 1862, ya rasu a 1910. Ya yi aikin akawun banki a garin Austin na jihar Teksas, aka tuhume shi da cin kuɗin da ke hannunsa, ya gudu Honduras, ya komo sabo da ciwon matarsa, aka ɗaure shi a 1898, ya yi shekara uku a kurkukun Ohayo. A can ya zauna da 'yan damfara da masu fasa shago, ya ji yadda su ke magana da yadda su ke ji da kansu. Wannan sani shi ne ya yi aiki da shi a dabararsa ta farko, watau sanya labarin a bakin ɓarawo.

Sam ne mai ba da labarin, kuma tun a jimlar farko ya nuna cewa cinikin da suka hango riba a cikinsa bai yi kyau ba. Mai ƙidayar dabaru zai rubuta cewa wannan hasashen abin da ke tafe ne, ya wuce. Amma a duba aikin da jimlar ta yi. Kafin a ga yaron ma an riga an gaya wa mai karatu cewa ɓarayin ne suka sha kashi, don haka ba ya ɗauke da fargabar abin da zai sami yaro ko da a shafi ɗaya. Da a ce uban yaro ne ko wani maƙwabci ya ke ba da labarin, da tilas a ji zullumin dare da cigiya, da kuwa dariya ta zama zalunci. Da aka ba ɓarawo bakin magana, sai ya zama mutum ne ke tona asirin wautarsa da kansa, yana kuka da abin da ya ɗebo. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ba kuwa wanda ya taɓa jin kunyar yi wa irin wannan dariya.

Dabara ta biyu ita ce irin harshen da aka ba ɓarayin. Sam mai son manyan kalmomi ne, irin dogayen nan da aka aro daga Latin da Girkanci, ya kan jefa su inda ƙaramar kalma za ta wadatar, Bil kuma ya kan ɗauko kalma ya sa ta inda ba wurinta ba. Akwai inda Bil ya so ya ce hankalinsu ne ya gushe sa'ad da suka ƙulla shawarar, sai ya kama wata kalma mai kama da ita wadda ma'anarta bayyanar fatalwa. Kowane Bahaushe ya san irin wannan mutum, mai cusa Larabci ko Turanci a magana don a ce ya sani, ƙananan yara na gyara masa a zuci. Takardar neman fansar ma da irin wannan fankama aka rubuta ta, da sharuɗɗa da ƙayyade lokaci da wurin ajiye amsa a gindin shinge, suka sa hannu da cewa su mutane biyu ne masu hatsari, alhali a daidai lokacin ɗayansu na roƙon kada a bar shi shi kaɗai da yaro. Babban jarin ɓarawon mutane kwarjini ne. Bindiga da wuƙa na taimakonsa, amma abin da ke sa uba ya sayar da gona tun ba a taɓa ɗansa ba shi ne imanin da ya yi cewa mutanen nan sun fi ƙarfin kowa, sun kuma san abin da su ke yi. Marubucin ya ɗauki wannan kwarjini ya yi ta yayyaga shi kalma kalma, har mai karatu ya ga mutum biyu ne marasa wayo da suka haddace maganganun da suka fi bakinsu.

Dabara ta uku, wadda ita ce ginshiƙin labarin, ita ce juyin al'amari, abin da Hausawa ke cewa reshe ya juye da mujiya. Ba a ajiye juyin sai ƙarshe a fito da shi kwatsam ba, an yi ta aza shi ne hawa hawa. Sunan garin Samit, ma'anarsa ƙololuwar tudu, garin kuwa a shimfiɗe ya ke kamar faifai. Daga nan mai karatu ya sami gargaɗi cewa a wannan wuri suna dabam, abu dabam. Sa'an nan wanda aka kama ya zama mai tsaro, masu tsaro suka zama fursunoni, har ya yanke wa Sam hukuncin ƙonewa da fitowar rana, Sam kuwa ya kasa barci ya tashi tun da asuba yana fakewa da ciwon kafaɗa. Da gari ya waye ya hau dutse yana sa ran ganin mutanen ƙauye sun fito da makamai suna bin sawu, bai ga kowa ba sai mutum guda yana huɗa da alfadari. Har abin da a ke yi wa yaron barazana da shi ya juye, gama in ya yi ƙiriniya sai a ce za a mai da shi gida, nan da nan sai ya yi alkawarin natsuwa.

Wanda ya saba da littafin shiga da fita zai fi kowa ganin kyan wannan gini, don ana iya bin labarin duka da adadi uku. Da fari dala 2,000 za a nema. Bayan kwana guda Bil, da hawaye a idonsa, ya roƙi a rage zuwa 1,500, ya ce ba mahaluƙin da zai biya adadin farko a kan irin wannan yaro, a rubuta ragowar 500 a kansa. Daga ƙarshe adadin ya tsallake sifiri ya koma bayansa, ya zama 250 da su za su biya. Mutanen da suka shigo gari da 600 suna neman su mai da ita 2,600, sun fita da abin da bai wuce 350 ba, ban da kuɗin hayar keken doki da na abinci. An je neman ƙiba an samo rama. Ko wace azaba da Bil ya sha tana da aiki a cikin wannan lissafi, ita ce ke rage farashi, ta yadda in amsar uban ta iso mai karatu zai yi mamaki, amma ba zai ce ƙarya ce ba, gama ya ga duk matakan da aka taka.

Dabara ta huɗu kambamawa ce, abin da masu ilmin balaga ke kira mubalaga. Yaro ya hau ƙirjin Bil da asuba da wuƙar yankan nama zai feɗe masa fatar kai, Bil ƙato guda ya dinga tsala ihu irin na wanda ya ga aljani. Yaro ya sa masa dafaffen dankali mai zafi a cikin riga ya murje da ƙafa. Ya jefe shi da majajjawa a bayan kunne ya faɗa cikin wuta. Ya mai da shi doki ya hau shi tafiyar da a wasan aka ƙiyasta mil 90, ya ba shi rairayi a maimakon hatsi. Abin ya kai Bil ya ce a cikin mutanen Littafin Kirista ba wanda ya fi so kamar Sarki Hirudus, watau sarkin nan da aka ce ya sa a kashe jariran Baitalami. A ƙarshe, da uban ya ce zai iya riƙe yaron minti 10, Bil ya ce wannan ya ishe shi ya ƙetare jihohi ya doshi iyakar Kanada, kuma duk da ƙibarsa sai da ya yi mil ɗaya da rabi kafin Sam ya cim masa. Kambamawa irin wannan tana gaya wa mai karatu cewa ba a duniyar gaskiya a ke ba, a duniyar tatsuniya a ke, inda a kan faɗa wuta a tashi a karkaɗe riga. Abin lura kuma shi ne a kan wa azabar ke sauka. Gaskiya ne yaron ya sha mari da jijjiga da shuri guda, amma ba inda aka nuna shi cikin tsoro ko yunwa ko ciwo. Da Bil ya kora shi gida ya komo yana ba Sam labari cikin murna cewa ya rabu da ƙaya, yaron na nan tsaye a bayansa yana murmushi.

Masu cewa a hana labarin su zo su dubi tatsuniyoyin da aka rene su da su. A zamanin da kura ke shigowa gari da dare ta ɗauki akuya, wani lokaci har da yaro, a wannan zamanin ne kakanni ke tara jikoki a tsakar gida suna ba su labarin yadda Gizo ya yi wa Kura wayo, aka lakaɗa mata duka, ta gudu tana zawo. Ba a taɓa jin wata tsohuwa ta ce a bar tatsuniyar Kura don kura ta ci ɗan wane ba, ba a kuma taɓa jin yaron da ya fita dawa da dare don ya ji an ce kura wawa ce ba. Yaro ya san kurar tatsuniya dabam, ta bayan gari dabam. Abin da ya ke samu shi ne ya kwanta da zuciyar da ta ga an ƙasƙantar da abin tsoro ko da sau ɗaya. Yaron da ko wace safiya ya ke jin sunayen manyan 'yan bindiga a rediyo da bakin manya, ana ambatonsu ƙasa ƙasa kamar sarakuna, yana da bukatar ya ga ɓarawon mutane yana rarrafe da yaro a gadon bayansa. Hana shi wannan ba zai komo da ko mutum ɗaya daga dawa ba, sai dai ya bar wa ɓarayi kwarjininsu cif.

Saura dabara ta biyar, wadda ta fi sauran kaifi, masu ƙidaya kuwa sun fi yawan tsallake ta. Bayan duk wannan ihu da kambamawa, sai ga takardar uban a sanyaye, gajeruwa, cikin ladabi irin na ɗan kasuwa mai amsa tayi. Ya ce a ganinsa farashinsu ya yi yawa, ga nasa tayin, ya kuma ba su shawara su zo da dare, don maƙwabta sun ɗauka yaron ya ɓace, ba zai iya lamunce abin da za su yi wa wanda suka gani yana komo da shi ba. Sanyin takardar shi ne ke sa dariya, amma wanda ya sake karantawa zai ji wani abu ya tsaya masa a maƙogwaro. Tun da fari an gaya mana sana'ar mutumin: mai ba da bashi a kan jingina ne, mai ƙwace dukiyar wanda ya kasa biya, shi ne kuma mai zagawa da farantin baiko a majami'a. An sace masa ɗa tilo, abin da ya fara hangowa riba. Yaron kuwa da aka tambaye shi ko yana son komawa gida ya ce ba ya jin daɗin gida, bai taɓa jin daɗi irin na kogon nan ba. Sai da aka yi masa ƙaryar an saya masa bindiga za a tafi farauta kana ya yarda ya bi su, da ya gane za a bar shi kuwa ya manne wa ƙafar Bil yana kururuwa.

Ashe ɓarayi uku ne a labarin, na ukun shi ne ya ci riba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk manyan da ke cikin labarin da dala su ke auna yaron, wannan ya ce 2,000, wancan ya ce 1,500, uban ya ce a ba shi 250, kuma mutumin da ya fi kowa ba shi lokacinsa a duk tsawon labarin shi ne wanda ya sace shi. Wannan ce amsar tambayar wa a ke yi wa dariya: masu sa wa ɗan Adam farashi, na cikin kogo da na cikin soro. Malamin da ya hana yara labarin don tausayin iyaye ya hana su ganin wannan, wanda ya sa su ƙirga kamantawa kamar yadda a da a kan ƙirga shanu don jangali shi ma ya hana su.

Akwai kuma wata dabara da ba ta ƙirguwa ko kaɗan, don abin da aka bari ne ba a rubuta ba. Ba uwa a cikin labarin. Ba a gan ta ba, ba a ji muryarta ba. Marubucin ya san cewa in mace ɗaya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon hanya, duk ginin nan zai rushe, ba mai iya ƙara yin dariya. Nan ne iyakar labarin, kuma wajibi ne malami ya nuna wa yara wannan iyaka da bakinsa. An ba da izinin dariyar ne bisa sharaɗi uku: yaron ba ya cikin hatsari, ɓarayin ba masu kisa ba ne, ba kuma mai kuka a gida. A satar gaske ba ko ɗaya daga cikin ukun. Amurka ma ta ga haka a 1932, sa'ad da aka sace jaririn matuƙin jirgin saman nan Charles Lindbergh, aka biya dala 50,000, daga baya aka tsinci gawar yaron, har majalisar ƙasar ta kafa doka ta musamman a kan satar mutane a wannan shekara. Duk wanda ya ɗauki labarin Jan Sarki ya ce wa yaro in an kama shi ya yi taurin kai za a sako shi, ya yi ganganci da ran yaro, laifin kuwa nasa ne, gama marubucin ya sa alama a ko wane shafi cewa tatsuniya ya ke yi.

In ana neman aibin labarin na gaskiya, yana nan, sai dai ba inda masu hani ke nunawa ba. Wasan da yaron ke yi kwaikwayon mutanen asalin ƙasar Amurka ne, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna jajayen Indiyawa, kuma ya ɗauke su a matsayin masu feɗe kai da ƙona mutane. Waɗannan mutane kuwa su aka ƙwace wa ƙasa, kuma shekara 17 kacal kafin fitowar labarin, a 1890, sojan Amurka suka karkashe ɗaruruwansu har da mata da yara a wani wuri mai suna Wounded Knee. Har ila yau a bugun asali akwai kalmar cin mutuncin baƙar fata, wadda wasu masu buga littattafan makaranta suka cire daga baya. Marubucin da ya yi hattara ƙwarai kada dariyarsa ta taɓa yaro ko uwa, bai yi wannan hattara ga jajaye da baƙaƙe ba. A nan ya kamata malami ya dakata ya yi bayani, kuma ma'aunin da zai yi aiki da shi shi ne dai na farko, watau a duba a kan wa dariyar ta sauka.

Saboda haka shawara ga malamai ita ce kada a jefar da labarin, kada kuma a mai da shi jerin sunayen dabaru. A karanta shi da yara a bar su su yi dariyarsu. In sun gama a tambaye su me ya sa ba su ji tsoro ba ko sau ɗaya, a bar su su gano da kansu cewa ɓarawo ne ke magana, cewa an gaya musu ƙarshen tun da fari, cewa ba uwa. A sa su bi adadin nan uku su faɗi abin da ya rage farashi a ko wane mataki. A tambaye su wane ne ya fi mugunta tsakanin Bil da uban yaro, a saurari gardamarsu. In a ajin akwai yaron da abin ya taɓa gidansu, malami mai hankali ya san yadda zai jinkirta karatun ko ya sauya shi, wannan kuwa hukunci ne na aji guda a rana guda, ba dalilin rufe littafi ga kowa ba. Yaron da aka koya wa tambayar wa a ke yi wa dariya zai yi amfani da ita a kan abin da ya ke gani a majigi da wayar hannu, inda sau da yawa wanda aka zalunta a ke yi wa. Allah ya komo da waɗanda ke hannun miyagu gidajensu lafiya, ya kuma kunyata masu cinikin 'ya'yan mutane.